Akwatin Gwaggo Elisabatu

Nassarawa G.R.A., Kano
9 ga Oktoba, 2000

Zuwa ga taubashina Sebastian,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana lafiya, da 'yarka Amanda da maigidanta da jikoki, da mutanen sujadar Hausa na Ebute Meta da ka ce ba su iya rabuwa da wa'azinka. Yaya gwiwar? In har yanzu tana hana ka hawan bene, to alhakin mangwarona ne da kake sata tun muna yara a Wusasa.

Ni dai ga ni a Kano. Aƙilu ne ya kawo ni, ɗan ƙanena marigayi Shu'aibu, wanda na riƙa tun yana rarrafe bayan rasuwar iyayensa. Rabonka da shi an daɗe. Yanzu Alhaji ne, darakta a wata ma'aikata, har da tumbi. Ya zo Wusasa ya tarar ƙafafuna sun kumbura ba sa shiga takalmi, bai ko yi shawara da ni ba ya sa aka kwashe kayana. Likita ya ce zuciyata ce ta yi girma, ta gaji. Na ce masa shekara saba'in da huɗu tana aiki ba hutu, ai ko jaki ne ya kwanta.

Sun ba ni ɗaki a ƙasa, taga tana kallon wata darbejiya. Unguwar shiru ce, ko kukan akuya ba ka ji, kowa yana bayan doguwar katangarsa da maigadinsa. Matarsa Salwa tana dafa min abinci babu gishiri, tana kawowa tana ba ni haƙuri kamar ita ta hana. Ran Lahadi direba yana kai ni coci Sabon Gari. Ranar da jiki ya ƙi, Fasto yana zuwa gida, Aƙilu da kansa yake shigo da shi. Ba ni da abin cewa sai godiya.

Ga dalilin takardar. Makon jiya maƙwabcinmu, wani tsohon alƙali, ya rasu da hantsi. Kafin la'asar har an kai shi an dawo, an shimfiɗa tabarmi ana karɓar gaisuwa. Ba yau na fara ganin haka ba, haka aka yi wa Shu'aibu tunda a Musulunci ya mutu. Amma wannan karon abin ya tsaya min a rai. Da Aƙilu ya shigo gaishe ni na ce masa, "In tawa ta zo, kada ku yi min wannan saurin. Mu a akwati ake sa mu, a jira dangi, a yi waƙa, a karanta maganar tashin matattu a bakin kabari." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ji, Gwaggo." Ba shi da doguwar magana, tun yana yaro.

Kai nake so ka yi magana a bakin kabarina, a Wusasa, kusa da na maigidana. Kada kanka ya kumbura, ba don ka fi kowa iyawa ba ne. Kai kaɗai ka rage cikin waɗanda suka san ni tun ban zama Gwaggo ba. Ka ba ni amsa a takarda, don wayar gidan nan ta fi ni rashin lafiya.

Uwar ɗakinka ko ka so ko ka ƙi,
Elisabatu


Ebute Meta, Ikko
4 ga Nuwamba, 2000

Elisabatu,

Alheri da salama su tabbata a gare ki. Takardarki ta iso, mun gode Allah da jin kina samun kulawa. Mu duka lafiya. Gwiwa tana nan da halinta, amma mangwaron nan na kakanmu ne, ba naki ba, kuma ko a gaban wa zan maimaita.

Na karɓi aikin da kika ba ni, da sharaɗin ki bari in riga ki, don ban ga wanda zai yi min gori a duniya ba in babu ke. Amma abin ya ba ni mamaki. Ke ce fa kika shugabanci Zumuntar Mata ta coci shekara da shekaru. Gawa nawa kika raka da waƙa? Gwauraye nawa kika riƙe wa hannu kina cewa su share hawaye? Ba sai na koya miki karatu ba. Mutuwa ga mai bi barci ce, kabari kuma masauki. Yesu da ya tashi daga kabari ran Lahadi da sassafe shi zai tashe mu, ko a akwati aka sa mu ko a tabarma. Ki riƙe wannan ki sha maganinki.

Abin da ya fi damuna daban ne. Jaridun nan kullum maganar Kano suke, wai da azumi za a fara aiki da Shari'a sosai. Bayan abin da ya faru a Kaduna farkon shekarar nan, da mutanenmu da aka rasa, hankalina ba ya kwanciya in na tuna kina can. Aƙilu ɗanmu ne, ban ce komai a kansa ba. Sai dai babban ma'aikaci ne, yana da abokai da maƙwabta masu ido, kuma Fasto yana shiga gidansa. Yau za su yi shiru, gobe fa? Mutum da mutanensa sai Allah.

Amanda ta ce ɗakin baƙi yana nan, likitocin zuciya kuma ba a rasa su a Ikko ba. Ki yi tunani. Ki gaida Aƙilu da Hajiya.

Naki, wanda bai taɓa zama bawan kowa ba,
Sebastian


Nassarawa G.R.A., Kano
12 ga Disamba, 2000

Sebastian,

Ina gaisuwa, da kai da yara. Jiki da sauƙi wata rana, wata rana babu. Ana azumi a gidan, garin kuma lafiya ƙalau, ka rage karanta jarida.

Ba zan iya doguwar takarda ba. Ran Talatar da ta wuce na tuna da tulun da nake kaɗawa a Zumunta, ina so a kai coci don waƙar Kirsimeti. Sauran kayana suna gareji na baya. Salwa ta ce in bari za ta sa a duba, ni kuwa ka san ni da gardama, da ta fita unguwa na lallaba da sandata. A jikin bango na ga wani dogon abu an lulluɓe da tamfol. Na ɗaga gefe ɗaya.

Akwatin gawa ne, Sebastian. Sabo, fentin ma bai gama bushewa ba. Ba sai an gaya min na wane ne ba, gidan nan wa ake sawa a akwati in ba ni ba? Tsawona ne daidai.

Ban ƙarasa yaye tamfol ɗin ba. Maigadi ne ya tarar da ni zaune a ƙasa ya kamo ni zuwa ɗaki. Na ce masa jiri ne. Tun ranar abinci ba ya wuce min, barci kuma sai dai in ga ana yi. In Aƙilu ya shigo gaishe ni sai in juya fuska bango in yi kamar na yi barci. Ba na iya haɗa ido da shi. Gidan nan duk faɗinsa ya yi min ƙunci.

Ban san haka abin yake ba. Ka yi min addu'a.

Elisabatu


Ebute Meta, Ikko
6 ga Janairu, 2001

Zuwa ga Alhaji Aƙilu Shu'aibu,

Bayan gaisuwa, da fatan an yi Sallah lafiya. Ni ne Sebastian, taubashin mahaifinka da Gwaggonka. Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, ba zan iya sa masa zuma ba.

Sai jiya takardar Elisabatu ta same ni, ta kwana a gidan waya duk tsawon hutun Kirsimeti. Ta ce ta ga akwatin gawa a garejinka, sabo, daidai tsawonta. Ta ce ba ta cin abinci, ba ta iya kallon fuskarka. Ina tambayarka, a wane gari ake sassaƙa wa mai rai akwati? A wurinmu wanda ya yi haka ya gaya wa duniya cewa ya ƙosa, jira kawai yake a ɗauke masa kaya.

Matar nan ba ta haifa ba, kai ne ɗanta. Ita ta goya ka. Ba ta taɓa jan ka coci ba don ta riƙe amanar ubanka. Da idona na gan ta tana tashi dafa maka sahur, ita da ba ta azumin, tana kuma bin ka da bulala zuwa makarantar allo. In zamanta a gidanka ya zame maka abin kunya yanzu da gari ya canza, in abokanka sun fara yi maka maganar Fasto, ai sai ka faɗa. Ba ta rasa dangi ba.

Na yi magana da surukina, ƙarshen watan nan zai samo mota a zo a ɗauke ta. Ka sa a haɗa mata kayanta da takardun asibiti. Akwatin kuma ka san yadda za ka yi da shi.

Sebastian


Nassarawa G.R.A., Kano
22 ga Janairu, 2001

Baffa Sebastian,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Iyali suna gaisuwa. Gwaggo tana nan, kumburin ya hau har gwiwa, an ƙara mata magani.

Na karanta takardarka a ofis, na rufe ƙofa na sake karantawa. Ta yi min zafi, Baffa, ba zan ɓoye ba. Amma ta gaya min abin da ban sani ba. Fiye da wata guda Gwaggo tana juya min baya, ni ina zaton ciwon ne. Ban san ta shiga garejin ba.

Akwatin ni na sa aka yi. Ga yadda abin yake. A saman sif ɗin ɗakina akwai likkafanina, na saye shi a Makka shekarar da na yi aikin hajji, na wanke da ruwan zamzam na ajiye. Na Salwa ma yana nan. Mahaifinta da kansa ya ba ni nasa ajiya, kuma ranar da ya ba ni na ji ya girmama ni. A wurinmu tanadin wannan kaya ba fatan mutuwa ba ne. Da Gwaggo ta ce min ita a akwati ake sa su, sai na ɗauka wasiyya ta ba ni, kuma akwati a wurinku shi ne likkafani a wurinmu. Ban tambayi kowa ba. Na girma a hannunta amma ban taɓa tsayawa na ga yadda kuke shirya jana'iza ba, don ranar irin wannan takan tura ni gidan maƙwabta.

Akwai kuma dalili na biyu. Lokacin rikicin Kaduna wani abokin aikina Kirista ya rasa mahaifiyarsa, ciwo ne ba rikicin ba, amma ana cikin dokar hana fita. Bai samu akwati ba, a bargo aka naɗe ta. Har yau in ya tuna sai ya yi hawaye. Na ce a raina in Allah ya kawo ta Gwaggo a irin wannan rana, ba za a naɗe ta a bargo ina raye ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na kira kafintana Maharazu na Kawaji, wanda ya yi min duk ƙofofin gidan nan, na kwatanta masa, ya kawo da kansa muka rufe da tamfol.

Maganar abokai, gaskiya ne an yi min. Wani ya tare ni a masallaci ya ce motar Fasto ta cika tsayawa a ƙofata. Na ce masa uwata ce a ciki, in yana da wata fatawa da ta hana ni jinyar uwata ya kawo in gani. Bai sake ba.

Jiya na shiga ɗakinta na durƙusa na gaya mata duk wannan. Sauran ita za ta rubuto maka. In ta ce za ta bi motar, ni da kaina zan rako ta har Ikko. In ba ta ce ba, Baffa, ka yi haƙuri, ba mai fitar da ita daga gidan nan.

Ɗanka,
Aƙilu


Nassarawa G.R.A., Kano
5 ga Fabrairu, 2001

Sebastian, sarkin gaggawa,

Ina gaishe ka, ina gaida Amanda, ka ce wa maigidanta ya bar motarsa ta huta. Jikina kam yana ƙara nauyi. Numfashi ya fara yi min rowa, sai an jingina ni da matasai uku. Rubutun ma za ka ga yana hawa dutse yana sauka.

Wa ya aike ka? Shekara talatin kana karanta takardun reluwe, amma tawa guda ɗaya ta gagare ka. A ina na ce Aƙilu ya yi min laifi? Ka sa ɗana ya durƙusa a gabana, mutum da furfura a gemu, yana kuka kamar ranar da aka yi masa kaciya. Za ka rubuto masa ka ba shi haƙuri, kuma ba a bayan tawa takardar ba, tasa daban.

Tunda ba ka gane ba, bari in faɗa maka dalla-dalla. Tsoro nake ji. Tsoron mutuwa. Da na ɗaga tamfol ɗin nan ban tuna da Aƙilu ba sam, abin da na gani shi ne ni a ciki, an rufe, an zuba ƙasa, kowa ya koma gida cin shinkafa. Duk waƙoƙin da na yi a jana'izar mutane na neme su a bakina na rasa. Abin da ya hana ni kallon Aƙilu kunya ce. Yaron nan yana kwana da likkafaninsa a saman kai, hankali kwance, ni da na ce na san wanda ya ci nasara a kan kabari ga ni ina karkarwa saboda katako. Ashe wanzami ba ya son jarfa. Kai kuma da na fara taɓa maka zancen ka aiko min da wa'azin da ni ma na iya.

To ga abin da ya faru bayan nan. Da Aƙilu ya gama bayani ya ce zai sa a fitar da akwatin a ƙone. Na ce a'a, katako mai kyau, a kai ni in gan shi da rana tsaka, ido biyu. Suka ɗora ni a kujera shi da Salwa har gareji, aka yaye tamfol ɗin duka.

Sebastian, Maharazu bai taɓa ganin akwatin gawa ba sai a talabijin. Adakar amarya ya yi min. Ya sa wa murfin ƙarafa irin na ƙofar kabad, yana buɗewa yana rufewa ba ko ƙara. A gaba kuma ya kafa wurin maƙala kwaɗo, har da kwaɗon, sabo, da 'yan makullai biyu a ɗaure da zare. Wai don kada a taɓa kayan Hajiya, wato ni ke nan. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, Salwa ta ruga ɗebo ruwa. Rabona da dariya tun kafin Kirsimeti.

Aƙilu ya ce a bari a je Sabon Gari a sayo na gaske wurin waɗanda suka iya. Na ce wannan nake so. Na ce a cire kwaɗon da maƙalinsa, ba wanda zai kulle ni. Ƙarafan buɗewar kuwa a bar min su, kuma kada a buga ƙusa ko ɗaya a murfin, don ba zama zan je yi ba. Da wasa na fara faɗa. Kafin in rufe baki na ji ashe da gaske nake.

Kada ka ɗauka tsoron ya tafi. Yana nan, yana zuwa yana komawa kamar zazzaɓi. Don haka ga abin da nake nema, kuma kada ka haɗo min da aya. Lokacin da matarka Ladi ta rasu ina jinyar maigidana, ban samu zuwa ba sai bayan an binne. Kai kana wurin. Gaya min yadda ta tafi. Ta ji tsoro?

Taka,
Elisabatu


Ebute Meta, Ikko
24 ga Fabrairu, 2001

Elisabatu,

Salama. Mu lafiya, sai kunya da ta hana ni sakewa. Takardar Aƙilu tana cikin wannan ambulan, daban, kamar yadda kika umarta. Na yi wauta. Na zauna a Ikko na auna yaron da jarida.

Kin tambaye ni abin da ba wanda ya taɓa tambayata. E, ta ji tsoro. Ladi da kika sani, wadda ba ta fashin addu'ar safe. A ranar ƙarshe ta riƙe wuyan rigata har maɓalli ya tsinke, tana cewa, "Kada ka bari, Baban Amanda, kada ka bari." Ni kuwa ba abin da zan iya hanawa. Na yi ta kiran sunan Yesu a kunnenta. Can hannun ya saki. Ban ga haske a fuskarta ba, ban ji ta ce ta ga mala'iku ba. Gajiya kawai na gani. Ni ma in gwiwar nan ta tashe ni, nakan yi tunanin tawa ranar cikin tsoro.

Ga abin da nake riƙe da shi, ba na kan bagaden wa'azi ba, nawa na kaina. Shekarun da nake aiki a jirgin Ikko zuwa Kano, in mun zo gadar Jebba fasinja kashi biyu suke. Akwai masu leƙa taga suna nuna ruwa suna hira. Akwai masu rufe ido su ƙanƙame kujera, wata tsohuwa ma har ƙarƙashin benci ta taɓa shiga. Ban taɓa ganin an sauke mai tsoro a tsakiyar gada ba. Tare suke isa ƙetare da masu ƙarfin hali, don ba ƙarfin halin ne ke jan jirgin ba.

Shi kansa Ubangijinmu ai bai shiga mutuwa da waƙa ba. A gonar nan, daren da za a kama shi, ya yi gumi, ya roƙa ko za a ɗauke masa wahalar. Matan da suka je kabarinsa ran Lahadi kuma kayan gyaran gawa suka ɗauka, ba wadda ta je da sa ran komai. Suka tarar a buɗe. Bai jira bangaskiyarsu ta cika ba kafin ya tashi, ba kuma zai jira taki ko ta Ladi ba. In tsoron ya zo, ki ji shi, ba zunubi ba ne. Ki rufe ido ki ƙanƙame kujera.

Maganar akwatin ta sa na yi dariya ni kaɗai har jikata ta leƙo. Ki gaida min Maharazu. Ina shirin zuwa bayan Ista in gwiwa ta yarda, ki jira ni mu ƙarasa shari'ar mangwaro.

Naki,
Sebastian


Nassarawa G.R.A., Kano
20 ga Maris, 2001

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ka lafiya. Direbana Mamman ne zai ba ka ita hannu da hannu, don waya ta ƙi shiga. Ka zauna kafin ka ci gaba.

Allah ya yi wa Gwaggo rasuwa jiya Litinin da hantsi, a ɗakinta, ni da Salwa muna wurin. Fasto ya zo ran Lahadi ya ba ta Jibin Ubangiji, gurasa da ruwan inabin nan na ibadarku, matan Zumunta suka yi mata waƙa a falo.

Takardunka sun iso bayan Babbar Sallah. Tawa na karɓa, ya wuce, Baffa, kada ka ƙara tunawa. Tata kuwa lokacin idonta ba ya iya karatu, ni ta sa na karanta mata. Akwai wuraren da ba aƙidata ba ce, na karanta su yadda ka rubuta, ban tsallake ko kalma ba. Da na zo maganar Inna Ladi ta yi kuka, ta ce, "Yau dai ɗan macen nan ya yi magana." Wurin gadar kuma kusan kullum sai ta sa na maimaita.

Na san za ka so jin gaskiya. Ba ta tafi da murmushi ba. Numfashin ya yi mata wuya. Ta riƙe hannuna ta ce, "Aƙilu, ina jin tsoro." Na ce, "Na sani, Gwaggo, ga ni nan." Ta ce, "Amma za a tashi." Ba tambayata take ba, gaya min take. Na ce mata, "Za a tashi." Sai ta rufe ido da kanta, ta ƙara matse min hannu, ba ta sake magana ba.

Tana ɗakin ajiye gawa na asibiti. Wannan ne ya fi yi min wuya. A wurinmu haƙƙin mamaci ne a gaggauta kai shi makwancinsa, tun jiya nake ji kamar na bar ta a waje cikin sanyi na shige ɗaki. Masu zuwa ta'aziyya kowa sai ya tambaya, "An kai ta?" In ce musu sai Baffanmu ya zo daga Ikko. Gwaggo ta ce a jira, za a jira. Na aika Wusasa an nuna wurin kusa da maigidanta. Ka taho tare da Mamman, na sa ya cire kujerar gaba don ka miƙe ƙafa.

Saura magana ɗaya. Dattawan coci sun zo da safen nan suka ga akwatin. Mutanen kirki ne, sun yi ta yi min godiya. Amma ɗaya ya ja ni gefe ya ce ba haka ake yi ba, mutane za su yi dariya, kuma hanyar Zariya akwai gargada. Ko a sayo wani, ko a cire ƙarafan a buga murfin da ƙusa yadda aka saba. Na ce hanya ba matsala ba ce, zan ɗaure da igiya in zauna kusa da ita, in an isa a kwance. Ya ce wannan maganar ta Kirista ce, ba tawa ba, a bar wa dangi na coci su yanke. Ban yi masa musu ba, na ce a bari sai ka zo.

Na faɗa ne don girmamawa. Ko ka zo, Baffa, ba za a buga ƙusar nan ba.

Ɗanka,
Aƙilu